Tambayi Malama: Mu Koma Tushen Kemistiri Kafin Ranar Jarrabawa

Wasiƙun wannan wata kusan duk bakinsu ɗaya. WAEC da NECO sun ƙarato, masu JAMB kuma suna ta ƙirga kwanaki, don haka tambayoyin kemistiri ne suka fi yawa. Na zaɓi shida, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba a wannan fili. Wanda bai ga tasa ba ya karanta da kyau, wataƙila amsarsa tana cikin ta wani.

Assalamu alaikum Malama. Ina ajin ƙarshe na sakandare. Ma'anoni kam na haddace su, in aka ce mene ne asid zan kawo shi yadda yake a littafi. Amma da zarar na ga tambaya mai lissafin mol sai kaina ya ɗaure, in tsallake ta. Zan iya cin jarrabawa ba tare da shi ba? — Ɗaliba daga Funtuwa

Wa alaikumus salam, 'yata. Ba za ki iya ba, kuma ba na son ki gwada. Mol yana cikin takardar zaɓi, yana cikin ta rubutu, sannan jarrabawar aikin hannu, wadda ake ɗiga asid cikin alkali har launi ya juya, lissafinta gaba ɗaya a kansa yake zaune. Duk wanda ya gudu daga gare shi ya zubar da maki a takardu uku. A makarantu da yawa ana koyar da shi a aji huɗu cikin gaggawa, a rubuta ƙa'ida a allo a wuce, ba a faɗa wa yara matsalar da aka ƙirƙiro shi don ya warware ba. To ga matsalar.

Sinadarai da ƙidaya suke haɗuwa. Atam biyu na haidirojin ne ke kama atam ɗaya na oksijin su zama ruwa, ba ƙari ba ragi. Mu kuwa ba mu da idon ganin atam, balle mu ƙirga shi. Abin da ke hannunmu sikeli ne. Mol shi ne abin da ke ba mu damar sanin adadi ta hanyar awon nauyi.

In kika je kasuwa kika ce a ba ki kiret ɗin ƙwai, talatin za a ƙirgo miki, ko na zabi ne ko na kajin gidan gona. Adadi ɗaya ne, amma a kan sikeli na gidan gona ya fi nauyi, domin kowane ƙwai a cikinsa ya fi girma. Haka mol yake. Mol ɗaya na kowane abu yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02 × 10²³, wato 602 da sifili 21 a bayansa. Ana kiran wannan adadi da sunan Avogadro, masanin ƙasar Italiya wanda ya faɗa a 1811 cewa iskoki masu girma ɗaya, a zafi ɗaya da matsi ɗaya, adadin ƙwayoyinsu ɗaya ne. Adadin ba ya canzawa, nauyin ne ke canzawa: mol na kabon giram 12 ne, na atam ɗin oksijin giram 16, na ruwa kuwa 1 + 1 + 16, giram 18. Giram 18 na ruwa kaɗan ya ɗara cokalin cin abinci guda. Ledar ruwan da kike saya a bakin makaranta, mai 50cl, giram 500 ce, ki raba da 18 za ki samu mol 27.8 ko kusa da haka. Ki yi wannan lissafi da hannunki yanzu, kafin ki ci gaba da karatu.

Ƙofa uku ce ake bi a shiga mol. In nauyi aka ba ki, ki raba shi da nauyin mol ɗaya. In iska ce a yanayin da takardarku ke rubutawa s.t.p., wato zafi da matsin da aka tsayar a matsayin ma'auni, ki raba girmanta da 22.4 dm³, kuma dm³ ɗaya lita ɗaya ce. In narkakken abu ne a ruwa, ki ninka ƙarfinsa, wato mol nawa ke cikin kowane dm³, da girmansa a dm³. Kowace irin riga aka sa wa tambayar, tafiyar ɗaya ce: mayar da abin da aka ba ki zuwa mol, dubi daidaitaccen lissafin haɗuwar, wato layin da ke nuna abin da ya shiga da abin da ya fito, ki ga rabo, sannan ki mayar da mol ɗin zuwa abin da ake nema.

Mu gwada da abin da ake yi kullum a masana'antar siminti ta Kalambaina a Sakkwato ko ta Ashaka a Gombe, inda ake gasa dutsen farar ƙasa:

CaCO₃ → CaO + CO₂

Wato dutsen (CaCO₃) ya rabu ya zama kalsiyam oksaid (CaO) da iskar kabon dayoksaid (CO₂). A ce an gasa giram 25. Nauyin mol na CaCO₃ shi ne 40 + 12 + 48, wato 100. Raba 25 da 100, kin samu mol 0.25. Rabon ɗaya ne da ɗaya da ɗaya, don haka CaO ma mol 0.25 ne, ki ninka da 56 ya ba ki giram 14. CO₂ shi ma mol 0.25, ki ninka da 44 ya ba ki giram 11, in kuma girman iskar ake so, 0.25 sau 22.4 ya zama 5.6 dm³. Yanzu haɗa 14 da 11. Giram 25 ɗin da kika fara da shi ne ya dawo cif. Wannan haɗin shi ne hanyar da za ki gane ko kin yi daidai tun kina zaune a zauren jarrabawa, ba sai kin jira sakamako ba.

Ga wani da nake so ƙwarai, domin a gida za ki iya tabbatar da shi. Ki dubi buhun takin yuriya, za ki ga an rubuta 46. Yuriya ita ce CO(NH₂)₂, nauyin mol ɗinta 12 + 16 + 28 + 4, wato 60. Naitirojin a ciki 28 ne. Raba 28 da 60 ki ninka da 100, kin samu 46.7. Ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kimanin kilo 23, kuma shi manomi yake biya wa kuɗi. Ranar da na ga ɗaliba ta gano wannan da alƙalaminta, na san ta daina tsoron mol.

Wurare biyu yara suka fi zamewa. Na farko, a ba su cm³ su manta su raba da 1000 don ya koma dm³. Na biyu, iskar oksijin O₂ ce, nauyin mol ɗinta 32, su kuma su rubuta 16. Ki samo tambayoyin shekarun baya, ki riƙa warware biyar kowace rana kina rubuta ma'auni a gefen kowace lamba, giram ko mol ko dm³. Ba a fafe gora ranar tafiya, ki fara yau.

Malama, an ce mana furoton da nutron ne ke ba atam nauyi, kuma ba a raba su biyu. To yaya aka yi nauyin kulorin ya zama 35.5? Akwai rabin furoton ne? — Ɗalibin lise (babbar sakandare) daga Damagaram

Madalla da wannan tambaya, ɗana, irinta ce ke nuna mutum yana tunani a kan abin da ya kwafa. Babu rabin furoton. Babu ma atam ɗin kulorin ko ɗaya a duniya mai nauyin 35.5. Kowane atam na kulorin furoton 17 gare shi, wannan ne ya sa ya zama kulorin. Nutron ne ke bambanta: wasu 18, nauyinsu ya zama 35, wasu 20, nauyinsu ya zama 37. Irin waɗannan su ake kira aisotof. A gishirin da ke ɗakin girkinku, kusan uku cikin kowane huɗu masu 35 ne, ɗaya mai 37. Ninka 35 da 0.75, ninka 37 da 0.25, ka haɗa: 26.25 da 9.25, ga 35.5 nan. Matsakaici ne kawai.

John Dalton ya ce a 1808 duk atam na sinadari guda iri ɗaya ne har a nauyi. A nan ne bincike ya yi masa gyara, kuma bayanin bai cika ba sai da James Chadwick ya gano nutron a 1932. Masu jarrabawa suna son tambayar wannan gyara, ka riƙe shi.

Ku a Nijar kuna da misali a ƙasarku. Yuraniyam ɗin da ake haƙowa a Arlit tun 1971 furoton 92 gare shi, amma kusan kashi 99.3 cikin ɗari mai nauyin 238 ne, mai 235 kimanin kashi 0.7 ne kawai. Wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne yawancin tashoshin nukiliya ke nema don samar da lantarki. A haɗuwar sinadarai halinsu ɗaya, tunda yawan elektron ɗinsu ɗaya ne, shi ya sa raba su yake da wuya da tsada.

Malama, ni mai gidan burodi ne, ban yi boko mai zurfi ba. Yarona ya karanta mini a littafinsa cewa wai babu abin da ke ɓacewa in an ƙona shi. Ni kuwa kura guda ta itace nake zubawa a tanderu, tokar da ke saura ba ta cika bokiti. Ina sauran ya tafi? — Mahaifi daga Gusau

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ya kuma saka maka da alheri da kake zama kana sauraron karatun yaro. Sauran ya bi ta bututun hayaƙi. Itace yawancinsa kabon ne da haidirojin da oksijin. In wuta ta kama, kabon ya haɗu da oksijin na iska ya tashi a matsayin CO₂, haidirojin kuma ya zama tururin ruwa. Da za a iya tare duk abin da ya tashi a auna shi tare da tokar, da ya fi itacen nauyi, domin an ƙara masa nauyin iskar da wutar ta zuƙa. Wani Bafaranshe, Antoine Lavoisier, shi ya tabbatar da haka a shekarun 1770 ta hanyar ƙona abubuwa a rufaffen mazubi yana aunawa kafin da bayan ƙonawa, nauyin bai motsa ba. Ƙarfe yana nuna abin ta ɗaya gefen: in ya yi tsatsa nauyinsa ƙaruwa yake, domin oksijin ɗin da ya kama yana nan manne da shi. Tokar da ka gani ita ce ma'adinan da bishiya ta tsotso daga ƙasa, irin su fotasiyam da kalsiyam, shi ya sa ruwan toka yake da kaifi irin na kanwa.

Ka faɗa wa yaron cewa wannan doka ita ce dalilin daidaita lissafin haɗuwa: adadin atam na kowane sinadari a hagu dole ya zo daidai da na dama. Ya fara da ƙonewar iskar metan, CH₄ + 2O₂ → CO₂ + 2H₂O, ya ƙirga kowane ɓangare da yatsa. In ya gane, ya gwada butan, ɗaya daga cikin iskokin tukunyar gas ta girki: 2C₄H₁₀ + 13O₂ → 8CO₂ + 10H₂O. Lambobin gaba kawai ake taɓawa, ƙananan na ƙasa ba a taɓa su, domin canza su canza sinadarin ne gaba ɗaya.

Akwai abin da ya shafe ka kai tsaye. In iska ta yi wa wuta kaɗan, maimakon CO₂ sai a samu CO, wato kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Ita ce ke kashe masu kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, da masu kunna janareto a cikin gida. Yaran da ke kwana kusa da tanderunka, don Allah a bar musu taga a buɗe.

Dole ne in haddace jadawalin sinadarai duka? — Ɗalibi daga Azare

A'a, ɗana. Sinadarai 118 ne a ciki, ashirin na farko ake so ka sani a jere, daga haidirojin zuwa kalsiyam, tare da 'yan ƙarafan da ake yawan ambato irin su Fe (baƙin ƙarfe), Cu (jan ƙarfe), Zn (zink), Ag (azurfa) da Pb (dalma). Abin da ya fi haddar muhimmanci shi ne ka iya jera elektron, wato nawa ke cikin kowane zagaye na atam daga ciki zuwa waje. Sodiyam 2, 8, 1 ne, kulorin 2, 8, 7. Sodiyam yana da guda ɗaya da ya yi masa saura, kulorin yana neman guda ɗaya ya cika takwas, sai ɗaya ya bayar ɗaya ya karɓa, aka samu NaCl, gishirin da ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma. Kalsiyam 2, 8, 8, 2 ne, biyu zai bayar, don haka kulorin biyu yake bukata: CaCl₂. Alminiyam uku yake bayarwa, oksijin biyu yake karɓa, inda suka haɗu shida ne: Al₂O₃. Wanda ya gane wannan yana iya rubuta tsarin sinadarin da bai taɓa gani ba.

Shi kansa Dmitri Mendeleev, Barashen da ya tsara jadawalin a 1869, da fahimtar tsari ya yi aiki. Ya bar gurabu a buɗe ya ce akwai sinadaran da ba a gano ba tukuna, har ya kwatanta halayensu. Aka gano galiyam a 1875, jamaniyam a 1886, suka zo kusan yadda ya faɗa.

Malama, ni ma malamin kemistiri ne a makarantar ƙauye. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, ba mu da ko takardar litmos. Yaya zan koyar da asid da alkali, da kuma oksideshin da ridokshin, ba tare da yara sun gani da idonsu ba? — Malami daga wani ƙauye kusa da Birnin Kudu

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Wannan hali yana ci mini rai, domin ranar jarrabawa takarda ɗaya za a ba ɗalibanka da waɗanda suka shekara uku suna riƙe kwalaben gwaji. Amma kada ka jira a gina maka ɗaki kafin yara su ga launi ya juya.

Jiƙa zoɓo a ruwan zafi ka tace, ka samu manuni, wato abin da launinsa ke nuna asid ko alkali. Zuba kaɗan-kaɗan a kofunan roba masu haske. Ɗiga lemon tsami a ɗaya, ruwan tsamiya a wani, tsamin nono a na uku, za su ƙara ja. Ɗiga ruwan kanwa ko tataccen ruwan toka a sauran, launin zai dushe ya koma duhu mai ratsin kore. Daga nan ka riƙa ƙara lemon tsami a kofin kanwar har jan ya dawo, yara su ga yadda ɗaya ke kashe kaifin ɗaya. Su lura da kumfar da ke tashi, ita ce CO₂, domin kanwa kabonet ce ta sodiyam, kuma duk kabonet in ta gamu da asid sai ta saki wannan iska. Sirinji mai 10ml da aka cire wa allura zai ba su damar rubuta yawan abin da suka ɗiga. Bayan sun gani, sai ka kawo ma'aunin pH wanda Sørensen na ƙasar Denmak ya fito da shi a 1909: ƙasa da 7 asid, 7 tsaka-tsaki, sama da 7 alkali. Ka jaddada musu cewa taki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne, wato mai pH 2 ya fi mai pH 4 ƙarfin asid sau ɗari. Kanwa gauraye take da ƙasa da wasu gishirai, don haka gwajin na gani ne, ba na fitar da lissafi ba.

Batun oksideshin da ridokshin kuwa, ban san wurin da ya fi marina nuna shi ba. A Ƙofar Mata cikin Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ana zuba baba da toka da kanwa a rami a bar su su ruɓa. Shuni a yadda yake ba ya narkewa a ruwa, ba zai shiga zare ba. Ƙananan halittun da ke cikin ramin su ke ba shi elektron, ya koma wani abu mai narkewa, launinsa tsakanin rawaya da kore. Wannan karɓar elektron ita ce ridokshin. Marini ya tsoma zane ya ɗago shi, ya fito kore-kore, kana tsaye kana kallo oksijin na iska ya ƙwace elektron ɗin, zane ya rikiɗe ya zama shuɗi, rinin ya maƙale a cikin zare. Wannan rasa elektron ita ce oksideshin. Shi ya sa marini yake tsomawa yana ɗagawa sau da yawa in yana son launi ya yi duhu. In akwai karofi kusa da ku, kai ajin su gani, ka bar marinin ya yi musu bayani da bakinsa, kai kuma ka ɗora sunayen littafi a kai.

Abu ɗaya ne zoɓo ba zai maye gurbinsa ba. Ka nemi alfarma a wata makaranta mai kayan aiki a cikin gari, ko ranar Asabar ce, kowane ɗalibi ya riƙe biyuret da fifet, bututun gilashin da ake auna ruwa da su, da hannunsa, ya koyi karanta ma'auni daga ƙasan lanƙwasar ruwa, ya ga manunin da ake kira metil oranj yana barin rawaya daidai lokacin da asid ya isa.

Malama, ina haɗa sabulu a gida ina sayarwa. Me ya sa bokiti ke ɗaukar zafi in na jiƙa soda, kuma me ya sa take cin hannu alhali an ce ba asid ba ce? — Uwargida daga Kaduna

'Yar'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Sodar da kike saya NaOH ce, alkali mai ƙarfin gaske, a can ƙarshen ma'aunin pH take, wajen 14. Narkewarta a ruwa yana sakin zafi, shi kike ji a jikin bokiti. Aikinta a sabulu shi ne ta farfasa mai, man ja ne ko na gyaɗa ko na kaɗanya, ya koma sabulu da gilisarin. Fatar mutum ma tana da maiƙo, kuma soda ba ta bambanta shi da na cikin bokiti, santsin da kike ji a yatsa alamar ta fara cin fata ce.

Ki zuba ruwan sanyi tukuna, sannan ki riƙa barbaɗa sodar a hankali kina juyawa. Kada ki kwarara ruwa a kan soda, tana iya tafasa ta fantsamo miki. Kada ki yi amfani da tukunyar alminiyam, soda tana cinta har ta saki iskar haidirojin mai kama wuta, roba mai kauri ta fi. Ki sa safar hannu da tabarau, ki yi aikin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. In ta taɓa fata, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15, in ido ne a wanke haka nan a wuce asibiti ba tare da jira ba. Ruwan soda fari ne kamar ruwan sha, don haka kada a taɓa ajiye shi a gorar lemo ko ta ruwa a gidan da ke da yara. Ki riƙa auna soda da mai a sikeli maimakon gwangwani, domin sodar da ta yi yawa tana nan a cikin sabulun ta ci fatar mai saye. Sabulun sanda kuma ki bar shi ya sha iska kamar mako huɗu kafin ki kai kasuwa.